Yadda Peter Norton Ya Dawo da Abin da Aka Goge

A farkon shekarun 1980, duk wanda ya sayi kwamfutar IBM, gargaɗin farko da ake yi masa shi ne: idan ka goge fayil, ya tafi ke nan. Babu kwandon shara da za ka leƙa ka ɗauko. Ka rubuta ERASE, ka sa sunan fayil, ka danna maɓalli, sai DOS, tsarin da ke tafiyar da kwamfutar, ya dawo maka da alamarsa ta A> a baƙin allo, shiru, yana jiran umarni na gaba. Wasiƙa ce ka goge, ko lissafin wata shida, ko babin littafin da ka kwana uku kana rubutawa, duk ɗaya ne a wurinsa. Mutane sun yi kuka a gaban wannan allon, kuka na hawaye.

IBM ya fito da kwamfutar ranar 12 ga Agusta, 1981. Mafi arha a cikinsu dala 1,565 ce, ma'adanarta kilobayit 16, kuma ko na'urar faifai babu a jikinta, sai ka ƙara kuɗi. Cikin waɗanda suka fara saye akwai wani mutum mai suna Peter Norton. An haife shi a 1943 a garin Aberdeen na jihar Washington a Amurka, ya yi karatu a kwalejin Reed, ya shafe shekaru yana rubuta manhaja wa manyan kwamfutocin zamanin, har da kamfanin jiragen sama na Boeing da cibiyar JPL mai ayyukan sararin samaniya. A tsakanin nan ya taɓa ajiye komai ya zauna wasu shekaru a gidan ibadar mabiya Buddha a yankin San Francisco. Da aka rage ma'aikata a masana'antar jiragen, yana cikin waɗanda aka sallama. Shekarunsa sun doshi arba'in, ba aiki, sai wannan ƙaramar kwamfuta a kan tebur da yake ƙoƙarin neman abinci da ita.

Wata rana hannunsa ya kuɓuce, ya goge fayil ɗin da yake buƙata. Abin da kowa ke yi a lokacin shi ne ya yi tsaki ya sake bugawa daga farko. Shi kuwa Norton bai yarda cewa fayil ɗin ya tafi ba, kuma yana da dalili. Umarnin gogewa bai ɗauki ko daƙiƙa biyu ba. Fayil ɗin da ya ɗauki lokaci ana rubuta shi a kan faifai, ta yaya za a share shi tas cikin ƙiftawar ido? Wanda ya san yadda faifai ke aiki ya san ba a taɓa bayanan ba. Wani abu ne ƙarami aka canza, sai a nemo shi.

Dole a tsaya a nan a duba faifan kansa, don a cikinsa labarin yake. Faifan DOS na farko mai laushi ne, faɗinsa inci biyar da kwata, a cikin baƙar riga ta roba, kuma gefe ɗaya kawai ake rubutu. An zana masa da'ira 40, kowace da'ira an yanka ta gida 8, kowane gida yana ɗaukar bayit 512. Jimilla gida 320, wato kilobayit 160. Gidan farko na tayar da kwamfuta ne. Biyu na bayansa suna ɗauke da wani jadawali da ake kira FAT, kwafi biyu saboda tsaro. Huɗu na gaba su ne rajistar faifan, mai layi 64, kowane fayil da layinsa na bayit 32. A wannan layin ake rubuta sunan fayil, harafi takwas da ƙarin uku, da kwanan wata, da girmansa, da lambar gidan da ya fara. Sauran gidajen 313 su ne na bayanai.

Aikin jadawalin FAT shi ne nuna hanya. Fayil ba lallai ya zauna a gidaje a jere ba. Rajista za ta ce ya fara a gida na 20. Ka duba gurbi na 20 a jadawali ka ga 21, ka duba na 21 ka ga 35, haka har ka iske alamar ƙarshe. Gurbin da aka sa wa sifili kuwa, gidan nan babu kowa.

To abin da DOS ke yi idan an ce ya goge fayil abu biyu ne tak. Ya je rajista ya cire harafin farko na sunan, ya sa lamba 229 a madadinsa, wadda masu manhaja ke rubutawa E5. Sannan ya bi jadawali ya mayar da guraben fayil ɗin sifili. Shi ke nan. Kamar mai masauki ne da ya soke sunan baƙo a littafi ya rataye makulli a ƙofa: kayan baƙon suna nan cikin ɗaki har ranar da wani sabo ya zo aka ba shi ɗakin. Sauran haruffan sunan suna nan a rajista, girman fayil yana nan, lambar gidan farko tana nan. Idan ka leƙa faifan da manhajar da ke nuna bayit ɗaya bayan ɗaya, fayil mai suna BUDGET za ka gan shi zaune, sai dai a gurbin B akwai ƙaramin harafin Girka σ, domin da wannan alamar kwamfutar IBM ke nuna lamba 229 a allo.

Ba mugunta ko sakaci ya sa aka tsara shi haka ba. Tim Paterson, wanda ya rubuta asalin DOS a 1980 a kamfanin Seattle Computer Products kafin Microsoft ya saya, yana aiki ne da na'urori masu nawa, kuma bin kowane gida ana sharewa ɓata lokaci ne. Ita ma alamar E5 gado ce daga tsarin CP/M da ya riga DOS: sababbin faifai masu inci takwas da wannan lambar ake cika su, don haka layin rajista da ya fara da E5 ana ɗaukarsa babu kowa. Injiniyoyi sun san wannan sarai. Abin da ya ba ni haushi a tarihin nan shi ne, duk da sun sani, babu wanda ya ga ya dace a ba mai saye hanyar komawa baya. An bar sakatare da ɗan kasuwa da malamin makaranta suna ganin aikinsu ya hallaka, alhali yana kwance a cikin faifan da ke hannunsu.

Norton ya zauna ya rubuta manhajar da ya sa wa suna UnErase. Takan karanta rajista, ta jero duk sunayen da suka fara da E5, ta tambaye ka harafin farko da ya ɓace, don shi kaɗai ne ba ta da hanyar sani. Ka buga B, sunan ya dawo. Sauran aikin shi ne mai wuya, wato sake ɗinke sarƙar da DOS ya tsinke a jadawali. Gidan farko an san shi, an kuma san girman fayil, saboda haka an san gida nawa ake nema. Idan fayil ɗin a jere yake, sai a ɗauki gidajen da ba kowa daga na farko zuwa adadin da ake so. Idan kuwa faifan ya daɗe ana rubutawa ana gogewa, fayil ɗin ya warwatsu, to nan sai da idon mai shi: a nuna maka abin da ke cikin gida, ka karanta, ka ce wannan nawa ne, wannan na wata tsohuwar wasiƙa ce. Ga rubutu wannan mai yiwuwa ne, tunda kana gane jimlolinka. Ga manhaja ko jadawalin lissafi, inda lambobi ne zalla, sau da yawa sai dai a gwada sa'a.

Sharaɗi ɗaya ne ba ya ɗaguwa. Kada ka rubuta komai a kan faifan bayan ka yi kuskuren. Sabon fayil ko ɗaya zai iya zama a layin rajistar ko a gidajen, kuma abin da aka rubuta wani abu a kansa babu manhajar da za ta dawo da shi.

Abokansa suka ga abin suka ce su ma suna so. Ya ƙara wasu ƙananan manhajoji, DiskLook mai nuna taswirar faifai, SecMod mai ba ka damar gyara bayit da hannunka, FileFix na fayil da ya lalace, har da wata mai suna Beep wadda ba ta yin komai sai ƙara. A 1982 ya kafa kamfanin Peter Norton Computing da jarin dala 30,000, ya haɗa su a kunshi ɗaya mai suna Norton Utilities, ya sa masa dala 80. Ba shi da kuɗin talla, sai ya bi da ƙafa. A lokacin masu kwamfuta a biranen Amurka suna da ƙungiyoyi, sukan haɗu da yamma a ajin makaranta ko zauren laburare, kowa ya zo da matsalarsa. Norton yana zuwa irin waɗannan tarurruka da shagunan kwamfuta, yana ajiye 'yan takardun da ya rubuta na bayanin yadda na'urar ke aiki. Wani mai buga littattafai ya ga takardun, ya lura cewa mutumin ya iya bayyana abu mai sarƙaƙiya a sauƙaƙe, ya neme shi ya rubuta littafi. Haka Inside the IBM PC ya fito a 1983.

A ganina wannan littafin da na bayansa sun kai manhajar muhimmanci. IBM ya yi abin kirki da ya wallafa littafin fasaha mai ɗauke da zanen wayoyin kwamfutar da cikakken rubutun BIOS, manhajar da ke tayar da ita, amma injiniya ne kaɗai zai iya cin moriyarsa. Shi kuwa mai kwamfuta abin da yake gani da safe idan na'urar ta sami matsala shi ne lamba a kusurwar allo, ba bayani. 201 na nufin ma'adana ta sami matsala, 301 allon madannai, 601 na'urar faifai, 1701 babban faifai. Mai gyara yana da nisa kuma yana da tsada. Norton ya rubuta wa mutumin da ke zaune shi kaɗai gaban wannan akwatin, ya ɗauke shi a matsayin mai hankali wanda zai gane idan an yi masa bayani. Littafinsa na 1985 na masu rubuta manhaja ya fito da hotonsa a bango, ya naɗe hannu a ƙirji, sanye da riga ruwan hoda, har masu sana'ar suka daina kiran sunan littafin, sai dai su ce littafin riga ruwan hoda.

Bukatar kayan aikinsa ƙaruwa ta yi, don haɗarin ma ya ƙaru. A watan Maris na 1983 IBM ya fito da kwamfutar XT mai babban faifai na megabayit 10, wanda ya ninka faifan farko sau sittin da wani abu. DOS 2.0 da ya zo tare da ita yana da tarko biyu. Idan kana kan C, wato babban faifan, ka rubuta FORMAT, umarnin share faifai, ba ka faɗi wane faifai ba, shi zai kama, aikin shekara ya tafi. Na biyun shi ne umarnin RECOVER. Mutumin da ya goge fayil, hankalinsa a tashe, ya buɗe littafin DOS ya ga wannan sunan, sai ya ɗauka abin nema ya samu. Alhali an yi shi ne don faifan da rajistarsa ta lalace. Ka ba shi faifai lafiyayye gaba ɗaya, sai ya rushe rajistar ya sake wa komai suna, FILE0001.REC, FILE0002.REC, har ƙasa, ka rasa wanne ne wanne. Wanda ya zo neman fayil ɗaya ya tashi da asarar duka.

Wasu ma suka shigo sana'ar. Paul Mace ya yi suna da manhajar dawo da faifan da aka yi wa FORMAT, kamfanin Central Point ya fito da PC Tools, Steve Gibson ya kawo SpinRite don babban faifan da ya fara gajiya. Kamfanin Norton ya ƙara Speed Disk, mai tattara fayilolin da suka warwatsu ya jera su, abin da ke ƙara sauri kuma ya sauƙaƙa dawo da su idan an goge, sannan Disk Doctor a 1988. Ya kuma sayar da kishiyar UnErase, wato WipeFile, mai bin gidajen fayil ɗaya bayan ɗaya yana rubutu a kansu. Dalilin a fili yake. Tunda kowa da dala 80 zai iya dawo da abin da aka goge, to lauya da likita da akanta da suka miƙa wa wani tsohon faifai sun miƙa masa sirrin mutanensu ke nan ba su sani ba.

Wannan tsarin bai mutu da faifai mai laushi ba. Filash da katin memori da yawa har yau jikan FAT ne a kansu, wato FAT32, kuma har yau E5 ake sa wa sunan fayil ɗin da aka goge. Shi ya sa mai gyaran waya kan iya dawo da hotunan biki daga memori, idan mai ita ya cire ta nan take bai ci gaba da ɗaukar wasu a kai ba.

Microsoft bai sa umarnin dawo da fayil a cikin DOS ba sai a 1991, a DOS 5.0, shekara goma bayan fitowar kwamfutar, kuma UNDELETE da UNFORMAT ɗin daga Central Point ya karɓo lasisinsu. Kwandon shara kuwa sai a Windows 95. Kafin nan Norton ya riga ya sayar da kamfaninsa ga Symantec a 1990 a kan kimanin dala miliyan 70. Hotonsa da naɗaɗɗen hannu ya ci gaba da fitowa a kwalayen kayan kamfanin har shekara goma bayan haka, kuma sunansa ya koma kan manhajar kashe ƙwayar cutar kwamfuta, wadda yawancin mutane suka san shi da ita yau ko da yake ba ita ce ta fito da shi ba. Shi kansa ya bar harkar, ya koma tara zane-zane da ayyukan fasaha na zamani, ya raba ɗaruruwa daga cikinsu kyauta ga gidajen adana kayan tarihi.