Yadda Ake Gane Farashin da Ya Dace da Jita Ta Hannu

Jitar da ake magana a kanta a nan ita ce wadda ba ta buƙatar lantarki, wato wadda sautinta ke fitowa daga akwatin katako mai rami a tsakiya idan an kaɗa tsirkiyoyinta shida. Masu koyon kiɗa da yawa jita ta hannu, wato wadda aka riga aka yi amfani da ita, suke fara saye saboda tsadar sabuwa, kuma a nan ne ake yawan cutuwa, domin mai kaya yakan kafa hujja da sunan kamfani ko da tsufan jitar, mai saye kuma yakan ruɗu da ƙyallin fenti. Farashin adalci yana da ma'auni biyu: kuɗin da aka sallama irin wannan jita a kwanan nan, da kuɗin gyaran da take buƙata kafin ta kaɗu yadda ya kamata, wanda ake cirewa daga na farko.

Abu na farko shi ne a tabbatar da asalin jitar. Manyan kamfanoni suna buga samfuri da lambar ƙira a kan takardar da ke cikin ramin, ko a jikin katakon da ya riƙe wuya daga ciki, ko a bayan kan jitar, kuma da wannan lamba ake gano shekarar da aka ƙera ta. Kamfanin Martin, wanda aka kafa a Amurka a 1833, da Gibson da aka kafa a 1902, da Taylor na 1974, kayansu kan riƙe daraja ko da sun tsufa, shi ya sa jabunsu suka cika kasuwa. Yamaha ta Japan, wadda ta fara fitar da jerin FG a 1966, ta yi suna wajen ƙarko da sauƙin kuɗi. Tsufa shi kaɗai ba ya ƙara wa jita kuɗi. Mai arha da ta shekara talatin tana nan a mai arharta.

Bayan asali sai katako, musamman fuskar akwatin, domin ita ce ke girgiza ta haifar da mafi yawan sautin. Fuskar da aka yi da falle ɗaya na itace, galibi na bishiyar sufurus ko sida, ta fi amo kuma ta fi tsada, yayin da wadda aka haɗa da siraran yadudduka da gam, irin filawud na kafintoci, ta fi arha kuma ta fi jure wahala. Ana bambance su ta duban bakin ramin: idan layukan itacen sun gangara daga sama har ƙasan kaurin katakon ba tare da yankewa ba, falle ɗaya ne, idan kuwa an ga hawa-hawa, haɗi ne. Baya da gefuna akan yi su da mahogani, ɗan uwan maɗaci, ko da rozwud. Rozwud na Brazil yana ƙarƙashin hani mai tsanani na yarjejeniyar CITES, mai taƙaita cinikin dabbobi da itatuwan da ke fuskantar ƙarewa, tun 1992, saboda haka jitar da aka yi da shi tana da tsada ƙwarai, tana kuma buƙatar takardu kafin a tsallaka iyaka da ita.

Inda kuɗi ya fi ɓoyewa shi ne wuyan jita. Tsirkiyoyin ƙarfe shida suna jan wuya da fuska da ƙarfin da ya kai kimanin kilo 70, dare da rana, kuma a tsawon shekaru wannan ja yakan karkato wuya gaba, ya kumbura fuskar a bayan jaki, wato katakon da tsirkiyoyi ke ɗaure a kansa. Alamar hakan ita ce tsirkiyoyi su yi nisa da wuya har dannawa ta yi wahala. Ana auna wannan tazara a kan ƙarfe na 12 cikin ƙananan ƙarafan da aka jera a wuya, wanda yake daidai tsakiyar tsirkiya, inda ake son tsirkiya mafi kauri ta tashi da milimita 2 zuwa 3. Idan ta haura haka, ƙila ɗaure sandar ƙarfen da ke cikin wuya ko rage tsayin farin ƙashin da ke kan jaki ya wadatar, kuma wannan ƙaramin aiki ne. Amma idan an riga an goge ƙashin har ya kusa shafewa, tazarar kuma tana nan, to sai an cire wuyan an sake dasa shi, aikin da kuɗinsa kan zarce darajar jita mai arha gaba ɗaya.

Sauran lahani ana iya kasa su gida biyu. Ƙarzuwar fenti da tsatsar tsirkiya da maɓallin ɗauri da ya saki duk ƙananan abubuwa ne da ke rage kuɗi kaɗan. Manya su ne tsagewar fuska, da jakin da ya fara ɗagowa har takarda ke iya shiga ƙarƙashinsa, da sandunan tallafi na ciki da suka rabu da gam, waɗanda ake ganewa idan an ƙwanƙwasa fuskar aka ji kaɗawar abu a ciki, da kan jita da ya taɓa karyewa aka liƙa. Ya kamata a yi hattara da jita mai tsirkiyar roba da aka ɗaura wa ta ƙarfe, domin ba a gina ta don ɗaukar wannan nauyi ba. Yanayi ma yana da hannu: masu ƙera jita suna son danshin iska ya tsaya tsakanin kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari, alhali hunturu a Kano ko Agadas yana busar da iska ƙasa da haka nesa, don haka jitar falle ɗaya da aka shigo da ita daga Turai ko daga Legas tana iya tsagewa a hunturunta na farko idan ba a adana ta cikin jakarta da ɗan abin danshi ba.

Idan an gama dubawa sai a koma kan lissafi. Kuɗin da mai kaya ya faɗa buri ne kawai, wanda aka sallama shi ne farashi, shi ya sa masu bincike ke duba cinikin da aka kammala a kasuwannin intanet irin su Reverb da eBay, sannan su yi la'akari da canjin dala da kuɗin dako da na kwastan. Inda ba a sami irinta ba, sai a tambayi kuɗin sabuwa a shago, domin jitar zamani mai lafiya takan tsaya wajen rabi zuwa kashi biyu cikin uku na wannan kuɗi. Daga nan sai a cire abin da mai gyara ya ƙiyasta, a ƙara wani abu idan akwai akwatin ajiya mai ƙarfi, a kuma tuna da la'ada idan da dillali a tsakani. Mai sayen da ya zo da waɗannan alƙaluma yana taya kaya da hujja, kuma idan mai kaya ya ce albarka, mai sayen ya san iyakar abin da zai ƙara da kuma lokacin da ya dace ya haƙura ya nemi wata.