Lissafin da ke jiran mai neman gurbin karatun haɗa magunguna

Ɗalibai da yawa na zaɓen fannin haɗa magunguna da zaton sun rabu da lissafi, ganin cewa darussan da hukumar JAMB ta tanada wa masu neman fannin a jarrabawar UTME su ne Turanci da Bayoloji da Kimistiri da Fizis. Wannan zato kan jawo asarar maki, domin lissafin yana nan lulluɓe cikin biyu daga cikin darussan huɗu.

Tun kafin a kai ga JAMB ma, jami'o'i irin su Ahmadu Bello da ke Zariya da Bayero da ke Kano da Jami'ar Jos na buƙatar kiredit biyar a WAEC ko NECO, kuma lissafi na cikinsu.

Babban ƙalubalen shi ne lokaci. Jarrabawar, wadda ake rubutawa a kwamfuta, na da tambayoyi 180 cikin minti 120, wato daƙiƙa 40 ga kowace tambaya. An hana shiga da kalkuleta, sai wadda ke kan allon kwamfutar, ita kuwa danna ta da linzami kan ci lokaci. Ɗalibin da ya saba rage ɓangarorin lamba da ka, kuma ya haddace cewa 0.25 rubu'i ne, ya riga abokinsa wucewa.

A Kimistiri, tambayoyin mol da ƙarfin gauraye sun fi kama ɗalibai. Misali, an narkar da giram 4 na NaOH aka sami gauraye mililita 250. Nauyin mol ɗaya giram 40 ne, saboda haka akwai mol 0.1. A raba da lita 0.25, amsa ita ce mol 0.4 a kowace lita. Wanda ya manta bai mayar da mililita zuwa lita ba zai sami 0.0004, kuma masu shirya tambayoyi sun san wannan tuntuɓe sarai. Lissafin pH na buƙatar logaridim, Fizis kuma na buƙatar iya juya dabarar lissafi a fito da abin da ake nema.

Hanyar shiri mafi amfani ita ce warware tambayoyin shekarun baya da agogo a gefe, tare da rubuta ma'auni kusa da kowace lamba. Duk tambayar da aka faɗi, a gano ko rashin sanin darasin ne ko kuskuren lissafi, domin maganinsu ba ɗaya ba ne.

Irin wannan lissafi ne aikin yau da kullum bayan kammala karatu. Idan likita ya rubuta wa yaro mai nauyin kilo 12 farasitamol miligiram 15 a kan kowane kilo, yana buƙatar miligiram 180 ke nan. Idan maganin ruwan na ɗauke da miligiram 120 a cikin mililita 5, za a auna masa mililita 7.5. Gocewar ɗigo guri ɗaya kaɗai zai mayar da shi 75, ninki goma na abin da likita ya rubuta.