Ɓarauniyar Hanya Ba Ta Tambayar Abin Da Ke Cikin Buhu

Uwargida, idan aka ce fasa-ƙwauri, abin da ke fara zo mana a rai shi ne shinkafa 'yar waje da atamfa mai sauƙin kuɗi. Ni kaina na daɗe ina ɗaukar abin neman abinci ne kawai. To amma hanyar da buhun shinkafa ya bi ya shigo, ita bindiga ke bi, ita kuma ake bi a fita da 'ya'yanmu.

Iyakar Nijeriya da Nijar ta kai kusan kilomita 1,500, daga Kamba, Illela, Jibiya da Maigatari har Tafkin Chadi. Jami'an kwastan suna bakin manyan ƙofofi ne, saura duk daji da gonaki. Bayan faɗuwar Gaddafi a 2011 rumbunan makaman Libiya suka watse, wasu suka gangaro ta Sahara. Wannan na cikin abin da ya ƙara wa ɓarayin shanu ƙarfi a Zamfara da Katsina, har suka koma sace mutane. Gwamnati ta rufe iyakokin ƙasa daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020. Shinkafa dai ta yi tsada, amma harin ƙauyuka bai tsaya ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne masu fita. A Oktoban 2013 an tsinci gawa 92 a hamadar arewacin Nijar, kusa da iyakar Aljeriya. Motocinsu ne suka lalace, ƙishirwa ta kashe su. Yara 52, mata 33. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un!

Mai safarar nan fa ba da bindiga take zuwa ba. Da sallama take shigowa, a shimfiɗa mata tabarma, ta ce akwai aikatau a waje, ko ta yi alkawarin Makka. Ki tambaye ta: wane gari? Gidan wa? Wa zai riƙe fasfon yarinyar? In ta fara kame-kame, a sanar da mai unguwa ko hukumar NAPTIP, wadda aka kafa a 2003 don irin wannan.

Wata ɗalibata da ta kai izu goma sha biyu ta daina zuwa. Na bi ta gida, mahaifiyarta ta ce wata Hajiya ta tafi da ita aiki. Na tambayi sunan garin, ta yi shiru, ta shiga ɗaki neman lambar waya. Muka kira sau uku, a kashe.