Dokin Kara da Gemun Auduga: Amfanin Wasan Kwaikwayo ga Ƙwaƙwalwar Yaro

Duk malamin da ya taɓa shirya wa ƙananan yara wasan kwaikwayo a aji ya san wani abin mamaki. Yaron da ba ya iya zama wuri ɗaya, da zarar an naɗa masa rawani an ce shi ne sarki, sai ya natsu, ya rage surutu, ya jira fadawa su kawo gaisuwa. Shin me ya sauya shi?

Masana sun daɗe suna nazarin wannan al'amari. Jean Piaget na ƙasar Suwizalan ya lura cewa yaro yakan fara irin wannan wasa ne wajen shekara 2, lokacin da ƙwaƙwalwarsa ta fara iya ɗaukar wani abu a madadin wani, kamar kara a madadin doki. A shekarar 1933 kuma, Lev Vygotsky na Rasha ya bayyana cewa kowane matsayi da yaro ya hau a cikin wasa yana zuwa da dokokinsa. Sarki ba ya guje-guje, mai gadi ba ya barin ƙofa. Ke nan yaro da kansa yake ɗora wa kansa doka, ya kuma bi ta cikin jin daɗi.

An gwada wannan a Amurka. A wani bincike da aka buga a 2017, Rachel White da abokan aikinta sun ba yara 180, masu shekara 4 da 6, wani aiki mai gundura a kwamfuta na minti 10, tare da damar barinsa su koma ga wasa mai daɗi. Wasu daga cikinsu an ba su kayan shiga irin na jarumai kamar Batman, aka ce su ɗauka su ne jaruman. Waɗannan su suka fi kowa daɗewa a kan aikin.

Kame kai aiki ne na sashen ƙwaƙwalwa da ke bayan goshi, wanda ba ya kammala girma sai an haye shekara 20. Saboda haka ƙaramin yaro yana buƙatar madogara, kuma shigar da ya yi takan tuna masa ko shi wane ne a cikin wasan. Sai dai a 2013 Angeline Lillard da abokan aikinta sun yi bitar bincike masu yawa, suka yi gargaɗi cewa hujjojin ba su kai a ce wasan kaɗai ke gina basira ba. Hanya ce ɗaya daga cikin hanyoyi.

Wannan wasa ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. A lokacin tashe, cikin watan azumi, yaro yakan manna gemun auduga, ya riƙe sanda, ya duƙa yana tafiyar tsofaffi gida-gida ba tare da ya saki matsayinsa ba. Don haka malami ba ya buƙatar kaya masu tsada. Tsohon zane, ƙwarya, kwali da kara sun wadatar, muddin ya bar yaran su raba matsayi, su kuma tsara labarin da kansu.