Neman tallafi ga makaranta da ƙungiya: littafin asusunmu ne shaidarmu

Tun bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, furoje da yawa sun naɗe tabarma a jihar Tahoua. Kuɗin MCC na Amurka da suka gyara fadamar noman rani ta Ƙonni sun tsaya, a 2025 kuma aka rufe USAID ɗungurungum. Amma azuzuwan zana suna nan, ɗiyanmu na zaune a ƙasa, kuma ba mu manta gobarar Maraɗi ta Nuwamba 2021 da ta ci yara sama da 20 a irin wannan aji ba. To, malamai da ƙungiyoyin mata, ina za mu nufa?

Mu fara da abin da ke hannu. Tsarin Mata Masu Dubara da CARE ta soma a Maraɗi a 1991 bai ba kowa ko dala ba. Zubi ya koya mana, da rance, da rubuta lissafi. Wannan littafin da sakatariya ke ajiyewa ƙarƙashin katifa, shi ne abin da mai ba da tallafi ke son gani kafin komai. Ƙungiyar da ta nuna shekara uku na zubi da biyan bashi ba giɓi ta fi mai dogon Faransanci a dosiye. Ai mai kuɗi tsoronsa ɗaya ne: kada ya zuba ruwa a kwando.

Sai takardu. Ba takardar amincewa ta hukuma, ba dokokin ƙungiya a rubuce, ba asusu da sunan ƙungiya a banki ko gidan ƙananan rance, to ko karanta buƙatarmu ba za a yi ba. Asusu da sunan shugaba ita kaɗai, wannan kam a bar shi.

Ga makaranta, ƙofar ita ce COGES da ƙungiyar uwaye, AME. Wannan tsari ba baƙo ba ne gare mu: nan jihar Tahoua aka gwada shi a 2004, da shirin Makaranta Don Kowa na hukumar JICA ta Japan. Dabararsa ita ce a zaɓi kwamiti da ƙuri'ar asiri, gari ya taru ya tsara aikin shekara, kowa ya kawo abin da ya iya. Darakta ko malama da ke son aji na bulo ko masai na ɗiya mata, su sa buƙatar cikin wannan tsari tukuna. Daga nan a kai ta komin, a nemi ta shiga tsarin raya komin, PDC, don nan masu furoje ke dubawa idan sun sauka Dogarawa, Tsarnawa, Bazaga ko Tajaye. Tun da aka rushe majalisun komin a Afrilu 2024, kantoma ne ke riƙe da ofis. A je da wasiƙa kwafi biyu, a buga hatimi a ɗaya, a dawo da ita gida.

Kowace ƙofa da irin abin da take karɓa. Ƙananan tallafi na PMF/FEM, da ke bi ta PNUD, na muhalli ne kawai: dashen itace, farfaɗo da fako. Matan Illela da Badagishiri da suka san aikin tassa, wannan tasu ce. Neman aji a can ɓata takarda ne.

Buƙatar kanta kada ta zama kuka. "Muna cikin wahala, a taimaka mana" kowa na rubuta shi. A ce aji nawa, yara nawa, buhun siminti nawa a farashin Malbaza na yau, mu kuma za mu kawo yashi, ruwa da jika kaza daga asusu. Gudummuwarmu, ko kaɗan ce, a rubuta ta da lamba.

Akwai kuma masu yawo da jaka da kati a wuya, ko masu turo saƙon WhatsApp, wai a biya jika goma na buɗe dosiye, miliyan na tafe. Mai ba da tallafi na gaskiya ba ya karɓar kuɗin dosiye. Duk wanda ya zo, a tambaye shi takardarsa, a tura mutum biyu komin ko wurin perefe su bincika, kafin ma'ajiya ta taɓa makullin akwati.