Kafin ƙungiyarku ta biya kuɗin shafin intanet

'Yan uwa manoman Samaru, in kuna son dillalan Kasuwar Sabon Gari su riƙa ganin amfaninku a intanet, ku tuna a waya za su buɗe shafin, kuma data na da tsada. Ku ce wa mai haɗa shafin ya rage nauyin hotuna, ya sa farashin buhu, sunan iri kamar masarar SAMMAZ ko waken SAMPEA, da lambar WhatsApp.

Babban abin lura: a yi rajistar adireshin shafin da sunan ƙungiya, kalmar sirri kuma ta zauna hannun sakatare. Duk shekara ake sabunta rajistar. In kuka yi sake ta ƙare, wani zai iya saye adireshin, masu sayen hatsinku su tura masa kuɗi.