Zinaren da ke ƙarƙashin gonarka, na waye?

A Anka da Bukkuyum na sha jin mutum na cewa, "Gonar ubana ce, wa zai hana ni haƙa?" Ɗan'uwa, doka ta hana. Sashe na 44(3) na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya mallaka wa Gwamnatin Tarayya duk ma'adinin da ke ƙarƙashin ƙasa, ko gonar gado ce ko dajin gwamnati. Izinin hakimi bai wadatar ba, na gwamna ma haka.

Amma ƙofa a buɗe take. Dokar Ma'adinai ta 2007 ta tanadi lasisin ƙananan mahaƙa, wanda ake nema a Ofishin Rajistar Ma'adinai na Abuja. Filin ba zai wuce murabba'in kilomita 3 ba, kuma sai mai gonar ya amince. Abin da ke damuna shi ne kuɗin takardu da nisan hanya sun fi ƙarfin mai diga da shebur shi kaɗai. Ƙungiyar haɗin gwiwa mai rajista kuwa tana da damar nema.

Mun ga illar haƙa barkatai. A 2010 gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a Zamfara, domin ana niƙa duwatsun zinare a tsakar gida. A 2019 aka haramta haƙar gaba ɗaya a jihar, sai Disambar 2024 aka ɗage.

Mahaƙa, ku haɗa kai ku yi rajista, kuma ku nisanta injin niƙa daga inda yara suke wasa.